Waya ba ta sallama: aikin biro da ya tare a gidajenmu

 

Maganarmu ta yau a kan wani baƙo ce da ya sauka a gidajen wasunmu tun watan Maris na 2020. Bai yi sallama ba da zai shigo, kuma har yanzu ba mu ga alamar zai ɗaure kayansa ba. Aikin biro muke nufi, wanda aka ce a kwashe shi a koma da shi gida saboda korona.

Kowa ya san yadda abin ya faro, ba sai mun ja shi da nisa ba. Ranar 17 ga Maris na 2020 shugaban ƙasa na lokacin, Isufu Mahamadu, ya yi jawabi, ya ce za a rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, da iyakokin ƙasa, da makarantu tun daga na yara har jami'a. Ranar 19 ga wata aka sanar da mutum na farko da aka samu da cutar a Nijar. Daga nan sai abubuwa suka riƙa bin juna: aka dakatar da sallar jam'i, aka kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya, aka sa dokar hana fitar dare a Yamai, aka killace birnin, aka hana taruka da atiliye, ma'aikatun gwamnati aka ce su riƙa tashi ƙarfe biyu na rana. Ƙungiyoyi da poroje-poroje da yawa suka ce wa ma'aikatansu kowa ya zauna gida, za a ci gaba ta waya. Wanda yake ganin wasa ne, ranar 3 ga Mayu ya ji rasuwar ministan ƙwadago da kansa, Mohamed Ben Omar, Allah ya jiƙan shi. Daga baya alhamdu lillahi aka buɗe masallatai ranar 13 ga Mayun 2020, aka buɗe hanyar Yamai, yara kuma suka koma lakwal ranar 1 ga Yuni. To ga shi an buɗe abubuwa, shi ya sa muka ga gara mu yi wannan magana tun ba a manta ba.

Mun san akwai mai cewa wannan kukan daɗi ne. Mutum nawa ne a Tasawa ko Mayahi ke da aikin da ake iya yi da waya? Manomin Korgom ba ya noma ta WhatsApp. Mahauci ba ya fiɗa ta intanet. Ɗan kabu-kabu in ya zauna gida, ranar nan ba a ɗora tukunya. Ƴan kasuwarmu kuwa tun kafin cutar suke cikin wuya, tunda Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agustan 2019, hanyar Ɗan Isa da Jibiya ta zama sai a hankali. Mai wannan magana yana da gaskiya, kuma ba mu zo haɗa wahalar mai albashi da ta wanda ya rasa na abinci ba. Sai dai ku duba. Mushen lakwal, da ma'aikacin komin, da ɗan poroje, da mai tattara alƙaluma a ƙauyuka, da akawun ƙungiyar manoma, kowane ɗayansu akwai bakuna da yawa a bayansa, wasu a gidan, wasu a ƙauye. Kuma abin da ya fi damunmu ma ba shi ma'aikacin ba ne. Mutanen da ya tarar a cikin gidan su ne suka biya mafi yawan kuɗin wannan tsari, ba tare da an tambaye su ba.

Don gidan Bahaushe bai taɓa zama wurin hutu kawai ba. Tun kafin a haifi wanda ya ƙirƙiro kwamfuta, iyayenmu mata a gida suke aikinsu. Mai ƙuli-ƙuli da man gujiya, mai fura, mai ƙosai da waina, mai ɗinkin hula, mai kiwon ƴan awakinta a bayan ɗaki, da matan yankin Gulbin Kaba da ke saƙa tabarma da igiya da faifai tun suna ƴan mata. Duk wannan a tsakar gida ake yi. Daga nan ake samun kuɗin sabulu, kuɗin magani in yaro ya kwanta, kayan ɗakin ɗiya in aure ya zo, da zubin asusu na mako. Asusun Mata Masu Dubara da ya bazu ƙasashe da dama a yau, a jaharmu ta Maradi aka fara shi a 1991, kuma da irin wannan ɗan ciniki na cikin gida aka gina shi. Mace ta tashi tun asuba, ta je rijiya ko famfo, ta yi surfe, ta yi daka, ta hura wuta, goyo a bayanta, ta shirya kayan talla, ta dawo kan tuwon dare. Wa ya taɓa zuwa ya tambaye ta ko aikinta yana cin lokacin iyalinta? Sai da maza suka yi wata biyu a gida sannan aka gano akwai matsala a haɗa aiki da gida.

Ga abin da ya faru a gidaje da yawa, har da na wasunmu masu wannan rubutu, don ba za mu wanke kanmu ba. Maigida ya shimfiɗa tabarma a inuwa, ya ɗora kwamfuta a kan ƴar kujera, ya toshe kunne, ana taro da manya daga Maradi ko Yamai. Can sai taɓarya ta fara sauka. Sai ya ɗaga hannu: "Don Allah ku dakata da dakan nan, shef ne ke magana." A dakata. Taron da aka ce na rabin awa ne ya kai awa biyu, saboda rezo yana ɗaukewa, kowa yana ta "kuna ji na? kuna ji na?" Kafin a gama rana ta take, masu sayen fura sun wuce gidan gaba, yarinyar da za ta kai talla tasha ta makara. Wata baiwar Allah da abin ya ishe ta cewa ta yi da mijinta: "Malam, hura ba ta jiran rezo. In shef ɗinka zai biya mini zubin wannan mako, sai in aje taɓarya." Dariya aka yi, amma wallahi lissafi ta yi. Shi albashinsa zai zo ƙarshen wata ko an yi daka ko ba a yi ba. Ita kuwa ranar da ba ta sayar ba, uwar kuɗin take ci.

Sannan ga yara, an rufe lakwal, duk suna gida, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, ga azumi ya shigo. Wa ake sa wa ya kwashe ƙanana ya fita da su waje don Baba ya samu shiru? Ɗiya mace. Ita ce za ta ɗauki goyo, ita za ta je ɗebo ruwa, ita za ta kai waya caji. Ɗan'uwanta namiji yana can gindin bedi da littafinsa ko da ƙwallonsa. Muna cikin ƙasar da, a alƙaluman 2012, kusan kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ake aurar da su kafin su cika shekara 18. Yarinyar da ta yi sama da wata biyu ba ta buɗe littafi ba, kuma gida ya saba da hannunta a cikin aiki, ba ƙaramin abu ba ne a sake ta ta koma aji. Muna roƙon daraktocin makarantu su ƙirga da kyau, su ga kujerun da suka zama wayam na su wa ne, su aika a tambayo.

Kakanninmu sun san haɗarin haɗa sana'a da iyali a wuri guda, kuma sun yi maganinsa da laka da azara. Shi ne zaure. Malami a zaure yake koyarwa, maɗinki a zaure yake ɗinki, dillali a nan yake ciniki, mai gari a nan yake sauraron ƙara. Baƙo ya zo ya tsaya ya yi sallama, a aiko yaro ya ce wa ake nema. Yaro ya koma ya dawo ya ce, "Wai yana cin abinci," ko "Wai ya shiga, sai da safe." Shi ke nan magana ta ƙare, ba wanda zai ji haushi, kuma ko basarake ne ba zai ɗaga labule ya faɗa cikin gidan mutum ba. Maigida in ya tsallaka ƙofar ciki ya zama na iyalinsa. Matan gida su ma suna da filinsu, suna dakansu da waƙarsu ba mai ce musu su yi shiru. Iyaka ce da kowa ya yarda da ita, babba da yaro, ba tare da an rubuta ta a takarda ba.

Waya ita ce ta tsallake zauren nan. Ba ta sallama, ba ta jiran a aiko yaro. Tana shiga har kan gado, har kan tabarmar buɗa-baki, har cikin sahur. Kuma tana da tsegumi: da ka buɗe saƙo, alamar nan biyu ta yi shuɗi, mai aikowa ya san ka gani, ba halin ka ce ba ka nan. Galibin ƙananan ma'aikata kuma a gidan haya suke, ɗaki da falo, tsakar gida ɗaya da maƙwabta uku ko huɗu, ba zaure ba shago. Inda ake cin abinci nan ne biro, nan yara ke kwana, nan ake karɓar baƙi.

Gwamnati ta ce a tashi ƙarfe biyu. A takarda an rage aiki ke nan. A zahiri, ga wanda aikinsa ya koma cikin waya, ba a taɓa tashi ba. Dalili na farko ma ba mugun halin kowa ba ne, kuran ne da rezo. Wutar da muke sha a wannan yanki daga Najeriya take zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma duk wanda ya yi bazara a nan ya san yadda take wasan ɓuya in zafi ya tsananta. Da rana ka zauna za ka aika rahoto, batir ya mutu, ko rezo ya yi nauyi takarda ɗaya ta ƙi tafiya. Sai ka bari sai dare ya raba, lokacin da mutane suka yi barci hanya ta yi sauƙi, ga kuma forfen dare ya fi araha. Kai ka aika ƙarfe sha biyu, wanda ka aika wa ya ga ashe kana farke, gobe shi ma ya aiko maka tambaya ƙarfe sha biyu. Kafin mako biyu ya zama al'ada. A cikin azumin nan akwai waɗanda suka riƙa sallame tarawi a tsakar gida su ɗauki waya, ba su aje ta ba sai da aka fara tashin mutane sahur. Da safe kuma a wayi gari mutum yana ta faɗa da yara a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Na ƙauye kuwa nasu ya fi haka. A ƙasar nan, a 2020, waɗanda ke da wutar lantarki ba su kai kashi 20 cikin 100 ba, kuma mafi yawansu a birane suke. Ma'aikacin da ke Urafan ko Gidan Amumun ko wani ƙauye na Kanambakashe, in an ce ya turo alƙaluman mako kafin magariba, sai ya kai waya wurin mai sola ya biya dala goma ko ashirin, ya jira ta cika, sannan ya hau tudun da kowa a garin ya san nan ne rezo ke kamawa, ya ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Wanda ke zaune a ƙarƙashin fanka a birni yana ganin saƙo ɗaya ne kawai ya nema. Bai san yinin mutum guda ya ci ba.

Sai maganar kuɗi, wadda kowa ke jin nauyin faɗa. Da can a biro, wuta ta ma'aikata ce, takarda tata ce, intanet in akwai nata ne. Da aka ce a koma gida, duk wannan ya dawo aljihun ma'aikaci. Taron bidiyo guda ɗaya yana iya lashe kiredin da da zai kai mutum kwanaki. Jika ɗaya yau, jika ɗaya jibi, kuma daga ina take fita? Daga kuɗin cefane. Ga atiliye an hana, ɗan abin da ake samu na zama da na mota, wanda da shi wasu ke cike giɓin wata, ya tsaya. Akwai ma'aikatun da suka yi adalci suka riƙa tura wa mutanensu kiredi, Allah ya saka musu. Da yawa kuwa shiru suka yi kamar ba su san ana sayen shi ba. Gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin amfani kuɗin wuta da ruwa na Afrilu da Mayu, an gode, amma wannan sai mai kwantar a gidansa. Mun san malaman lakwal, har da ƴan kwantiragi masu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, da suka buɗe rukunin WhatsApp da kuɗinsu suna tura wa ƴan ajin BEPC da BAC darasi, suna gyara amsa cikin dare. Ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su, kuma suna sane da cewa yaran da suka fi buƙata ba su da wayar da za su gani.

A Facebook mun sha ganin shawarwarin da ake fassarowa daga Turai da Amurka: ka ware ɗaki guda don aiki, ka rufe ƙofa, ka sayi kujera mai kyau, in ka gama ka fita ka zaga da kare. To madalla. Mu da ɗakin da za a ware ɗin ne babu. Su can abin ya zo musu da kayan aikinsa; manhajar Zoom kaɗai, daga masu shiga taro miliyan 10 a rana a watan Disamban 2019 ta kai miliyan 300 a watan Afrilun 2020. Amma akwai abu guda da ya kamata mu ɗauka daga can. A Faransa tun 1 ga Janairun 2017 doka ta tilasta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su zauna da ma'aikatansu su tsara lokacin da mutum ke da haƙƙin kashe wayar aiki, ba wanda zai kama shi da laifi. Wato su ma sai da waya ta shiga musu ɗaki suka gane ana buƙatar zaure. Tunda yawancin tsarin aikin biro daga wurinsu muka gado shi, har da abubuwan da ba su amfane mu da komai ba, me zai hana mu ɗauki wannan mai amfanin?

Kuma ba daga sama za mu fara ba. Dokar ƙwadago ta ƙasarmu ta 2012 ta ce aiki awa 40 ne a mako. Ba ta ce awa 40 a biro sannan sauran a kan gado kyauta ba. Ranar 1 ga Mayu ta 2020 ta wuce shiru ba maci saboda cutar, amma asalin ranar nan, tun yajin aikin Chicago na 1886, a kan awa takwas aka yi shi, don ma'aikaci ya samu lokacin barci da lokacin iyalinsa. Muna kira ga uwayen ƙungiyoyin ƙwadago, USTN da CDTN da sauransu, da ƙungiyoyin malamai irin su SNEN, in za su miƙa kokensu na gaba su sa wannan a ciki: lokacin da aka daina kiran ma'aikaci, da kuma wanda zai biya kiredi in an ce a yi aiki daga gida. Ba mu san ko za a sake cewa a koma gida ba. In ma ba a sake ba, rukunonin WhatsApp ɗin da aka buɗe a watan Maris ba wanda zai rufe su.

Yanzu bari mu juyo kanmu, don ba duka laifin na manya ba ne. Mu ma muna da namu. Akwai wanda zai ce wa iyali "aiki nake" alhali bidiyon kokawa yake kallo, ko gardamar siyasa yake yi da wanda bai taɓa gani ba. Waya ta zama mafaka, in ba ka son a ce maka gishiri ya ƙare sai ka sunkuyar da kai a kanta. Akwai kuma tsoro. Mai kwantiragin wata shida ba ya iya ce wa uban gidansa "ranka ya daɗe, sai da safe," don yana ganin gobe za a sabunta na wani a bar shi. Mun taso da girmama na gaba, kuma abu ne mai kyau, sai dai wasu na gaban sun mai da shi igiya. Abin mamaki, wanda ke kukan shef ya tashe shi ƙarfe sha ɗaya, shi ne kuma zai juya ya tashi na ƙasa da shi sha ɗaya da rabi. Ta ɗaya gefen ga dangi da abokai. A wurinmu mutum in yana gida to ba ya komai ke nan. "Tunda kana nan, taso ka raka ni gaisuwa." "Tunda ba ka je biro ba, zo mu duba ragon nan." Ƴan fada sun ɗora shayi a ƙofar gida, in ba ka fito ba a ce girman kai ya kama ka. Sai aikin da za a gama kafin azahar ya kai dare, daren kuma na iyali ne.

Gidajen da muka ga abin ya zauna musu lafiya, ba wata dabara ta Turawa suka yi ba. Zama aka yi da uwargida aka raba yini, kuma agogon da aka yi amfani da shi shi ne wanda kowa ya sani, wato lokutan salla. Daga asuba zuwa hantsi tsakar gida ta mata ce, a yi daka a yi suya, mai aiki in yana da kira ya ɗauki tabarmarsa ya fita gindin itace ko ya roƙi zauren maƙwabci. Daga hantsi zuwa azahar a rage masa hayaniya. Bayan la'asar ya leƙa abin da ya shigo. Da an kira magariba waya ta hau kan kanta, ko ta tafi caji ta kwana can. Wani abokinmu cewa ya yi ranar farko ji ya yi kamar an cire masa hannu, yana ta shafa aljihu. A kwana na uku ya lura duk saƙonnin da ya tarar da safe ba ko ɗaya da ya lalace don ya kwana. Ya kuma gaya wa shef ɗinsa da ladabi, tun da rana, cewa bayan magariba in abu na gaggawa ne a kira shi kira, kada a rubuta. Har yau ba a kira ba.

Ba mu ce wannan zai yi wa kowa ba. Ma'aikatan lafiya, tun daga likitar gunduma har ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye, su ba su ga zaman gida ba ma, kuma in aka kira su tsakar dare to rai ne. Haka jami'an tsaro, haka mai kula da famfon gari. Amma jadawalin da za a cike, ko rahoton wata, ko sunayen waɗanda suka halarci taro, don Allah wane ne zai mutu in sun kai safiya? Ku manya da ke Maradi da Yamai, in abu ya faɗo muku a rai cikin dare, ku rubuta shi a takarda ku aje. In za a yi taro ta waya, a faɗa tun jiya, don a san yadda za a yi da turmi da yara da caji. In an ce rabin awa, ya zama rabin awa. Kuma kada a auna ƙwazon ma'aikaci da saurin amsa saƙon dare, don mai saurin amsawar nan wataƙila ɗansa ne ke gabansa da littafi yana jira.

Mun ambaci littafi, to bari mu faɗi alherin da zaman nan ya zo da shi, don ba sharri ne zalla ba. Akwai uban da sai a wannan wata biyu ya san farashin tiyar hatsi da bakinsa, ya san sau nawa ake zuwa ɗebo ruwa kafin ya samu na wanka. Akwai wanda ya zaunar da ɗansa ɗan CM2 ya ce karanta mini nan, sai ya tarar yaron haddace allo yake yi, ba ya iya haɗa baƙi. Shekara shida yana sayen littafi da alƙalami, yana sa hannu a takardar sakamako a tsaye, bai sani ba. Ransa ya ɓaci, ya yi faɗa, daga baya ya sauko ya riƙa zama da shi bayan la'asar kullum. Yanzu yaron yana karanta saƙon da ke shigowa wayar uban, har yana tambaya wane ne wannan da ba ya barci. Irin wannan zama, in aka koma biro aka bar waya ta ci gaba da cin yamma da dare, shi ne abu na farko da zai tafi.

Ga damina ta ƙarato, wasu wuraren har an fara ganin hadari. Ma'aikacinmu na nan ko yana da albashi yana da ƴar gonarsa, ranar da ruwan shuka ya sauka kowa sungumi zai ɗauka, da mushe da akawu da ɗan poroje, mata da yara na biye suna zuba iri. Wayar tana cikin aljihu za ta bi mu har can. Shi ya sa muke roƙon perefe na Tasawa da na Mayahi, da magadan gari, da sufetocin makarantu, da shugabannin poroje da ke aiki a yankin nan, kowa ya fitar da ƴar takarda ko da layi uku ce, a liƙa a ƙofar biro a kuma tura cikin rukunin: daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza ake neman ma'aikaci, bayan nan sai gaggawa, kuma ga abin da ake kira gaggawa. Ba ta buƙatar kasafin kuɗi, ba ta buƙatar izini daga Yamai. Mu a nan mun riga mun rubuta tamu, kuma matan gidajenmu ne suka zaɓi lokacin, suka ce magariba.

 Allah ya ba mu damina mai albarka.